Kwaɗin Bakin Nilu

Ranar da abin ya soma, ba komai Kulu ta fara lura da shi ba sai shiru. Shekara shida suna zaune a gidan nan na bakin Nilu a Imbaba, kuma kullum rana ta faɗi sai kwaɗi sun cika kunne har mutum ya rasa jin kiran salla. Amma a wannan magaribar ta 1978 ko ɗaya bai motsa ba. Tana cikin kwashe shanya sai dutse ya faɗo tsakar gida, jiƙaƙƙe, da laka a jikinsa. Na biyu ya biyo baya. Ta leƙa ta kan katanga, ba kowa sai ruwa.

Mijinta Sada karatu ya kawo shi Alƙahira daga Damagaram, daga baya ya samu aikin kula da gidan wani tsoho Bamisire da ya koma wajen 'ya'yansa. Sharuɗɗa uku tsohon ya kafa masa. Ciyawar gaɓa da lauje za a riƙa rage ta, kainuwa a janye ta da hannu, duhun ciyawar da ke kusurwa kusa da matakalar sauka ruwa kuwa kada a taɓa shi. A nan kajin ruwa ke ƙwai, a nan zalɓe ke tsayawa da ƙafa ɗaya kamar mai gadi.

To, Kulu mace ce da a garinsu ake kwatance da tsakar gidanta. A wurinta gida mai tsabta shi ne wanda ba ko tsinken ciyawa, don ciyawa ɗakin maciji ce. Da Sada ya tafi unguwar Abbasiya ya kwana biyu, ta sayo kwalbar maganin kashe ciyawa ta tuttule a kusurwar. Ta wanke hannu, ta ji daɗin ranta, ta manta.

Kwana uku ana jifa da magariba. A na huɗu 'yarsu Lailatu, mai shekara goma sha huɗu, ta sauka matakala ɗauraye kwano, ta dawo ƙafafunta a jiƙe, idonta a kafe. Daga ranar ba ta ƙara cewa uffan ba.

Kulu ba ta tsaya neman dalili da nisa ba. Ummu Sabri ce, maƙwabciyarsu matar masunci. Ba ita ce ta tsaya tana kallon gaɓar tana girgiza kai ba? Ba ita ta kawo musu kifi ba gaira ba dalili? Kulu ta zubar da kifin, ta daina amsa gaisuwarta. Har Sada sai da ta zarga.

"Malam, wa ka ɓata wa rai a Abbasiya? Sammu ba ya zuwa haka kawai."

"Ki ji tsoron Allah, Kulu," in ji shi. Amma shi ma ya ga ciyawar ta yi ja, ya ga ƙananan kifi sun taso ciki sama, yana ta zargin masu kwale-kwale a ransa.

Da Lailatu ta cika mako ba magana, ga rama ta soma cin ta, tsoro ya kama su sosai. Sada ya ɗauko Malam Ɗantsoho, dattijon da ya shekara talatin yana karatu a Masar. Malam bai fara da yarinyar ba. Gaɓa ya sauka, ya ɗebi laka ya sansana, ya dawo. Bayan la'asar ya zauna gabanta yana karatu a hankali. Rana na sunkuyawa yarinyar ta ɗago kai, wata murya ta fito daga bakinta, ta tsohuwa, mai sanyi kamar daga cikin rijiya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Wa ya aiko ki?"

Kulu ta matso, ta tabbata yanzu za a ambaci Ummu Sabri.

"Ba wanda ya aiko ni. Ina kusurwar nan tun ba a aza tubalin gidan ba. Tsohon ya san da mu, mai lauje ma bai taɓa cutar da mu ba. Sai aka zuba mana wuta a ruwa. Kajina sun watse, kwaɗina sun mutu. An rufe bakin nawa, na rufe bakin yarinyar nan."

"Wa ya zuba?" in ji Sada.

Idon yarinyar ya juya sannu a hankali, ya sauka kan hannun uwarta.

"Ni ce," in ji Kulu. "Wallahi don ita na yi. Maciji na ji mata."

"An yi miki laifi, amma yarinya ba ta da hannu," Malam ya ce wa mai muryar. "Zalunci haramun ne a kanku kamar yadda yake a kanmu. Faɗi abin da kike so, ki fita."

"Hannun da ya zuba shi zai kwashe lakar. A dasa sabuwar ciyawa. Kwalba kada ta sake sauka matakalar nan."

"Halas, shi ke nan, an yarda. Yalla, fita."

"Zan fita yanzu. Muryar kuwa tana wurina sai ranar da kwaɗina suka yi kuka."

Lailatu ta yi atishawa sau uku, ta faɗi jikin ubanta. Ta tashi tana ci tana sha, tana gane kowa, amma ba baki.

Washegari Kulu ta ɗaura zane ta shiga laka da kwano. Kwana tara tana kwasa, hannunta duk ya tsage. A rana ta uku ta ji motsi a bayanta, ta juya sai ga Ummu Sabri da dammin saiwar ciyawa daga tasu gaɓar. Kunya ta hana Kulu ɗaga ido.

"Ma'alish, ya uhti," in ji matar, wato ba komai 'yar'uwa, ta tattare riga ta shigo ruwan.

Wata biyu Kulu na zama a matakala kowace magariba, ita da a da take toshe kunne. Ciyawa ta yi kore, zalɓe ya dawo, shirun dai na nan. Ran nan har ta miƙe za ta shiga alwala, sai wani ƙaramin kwaɗo ya yi ƙara sau ɗaya daga kusurwa. Ta tsaya cak.

"Inna," aka ce daga bayanta, "kin ji shi?"