Lalon Bakin Rijiya

Magariba ta kawo kai a Gashuwa, Malama Zulaihat na tsugune bakin murhu tana ƙunƙuni ita kaɗai. Tun da aka ɗora mata lambun makaranta ranta bai ƙara hutawa ba. Yaran nan, ka ce su cire ciyawa su tuge maka kuɓewa, ka nuna musu yakuwa su bi ta kanta da ƙafa. Yau da tura ta kai bango ta kafa musu doka guda: duk abin da ba su shuka da hannunsu ba, a tuge shi.

Abin da ya fi ƙona mata rai, 'yar cikinta Rahima ce ta ƙi bin dokar. Ta bar lalo da gasaya da suka fito da kansu a bakin tsohuwar rijiyar lambun, wai kakarta ta unguwar Katuzu ba ta cire irinsu a gona, abin miya ne. A gaban 'yan aji Malama ta murɗe mata kunne, ta tsaya a kanta har ta tuge su tas tana hawaye.

Tana cikin tuƙa tuwo dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya, wani ya faɗa cikin tukunya. Ta leƙa waje, babu ko yaro ɗaya a layin. Da ta dawo ta tarar da Rahima durƙushe a tsakar gida, tana tonon ƙasa da farce, tana gurnani da muryar da ba tata ba.

Haka gidan ya koma. Da rana lafiya lau, rana na faɗuwa sai jifa, sai ƙanshin miyar lalo ya cika gida alhali ba a ɗora ta ba. Rahima ta daina ci, yatsunta suka farfashe. An kai ta asibiti ba a ga komai ba. Malama ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka, duk a banza. Ƙarshe mahaifin yarinyar ya tafi Nguru ya zo da Malam Suhaibu, mai ruƙiyya.

Malam ya zauna a tabarma, ya ja karatu a hankali. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Can Rahima ta miƙe zaune, bayanta ya ranƙwafa.

"Wace ce ke?" Malam ya tambaya.

"Mai bakin rijiya," in ji muryar tsohuwa. "Tun ba a gina makarantar ba nake cin miyata a wurin. Wannan hannun ne ya tuge min."

"Ki ji tsoron Allah, yarinya ce."

"Shi ya sa zan riƙe ta. Ita kaɗai ke duba ganye kafin ta ja. Za ta yi min noma."

Malama ta durƙusa. Ta matso da gwiwa.

"Baba, ni na sa ta. Ta ƙi, na tilasta mata. Ki kama ni, ki sake ta."

Idanun suka juyo kanta a hankali.

"Ke? Me zan yi da hannun da bai san lalo ba?"

Malam ya ɗaga murya da karatu. Tsohuwar ta yi ƙara, ta nemi a yanka mata akuya, ya ce ko gashin kaza ba za ta samu ba. Ta nemi turare, ya hana. Da wuya ta yi wuya ta ce to a bar mata bakin rijiya, kar a ƙara taɓawa.

"Abin da Allah ya tsirar, barinsa ba laifi ba ne," in ji Malam. "Ke kuma fita, kar ki dawo."

Rahima ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. Wani ɗan dutse ya gangaro daga rufi ya faɗo ƙasa, daga shi ba a ƙara jin komai ba.

Malama ta riƙe yatsun nan masu jini tana hura musu iska. Yarinyar ta buɗe ido, ta ga fuskar uwarta, ta yi maza ta kare kunnenta da hannu.

"Umma, kar ki yi faɗa. Na cire duka, ban bar ko ɗaya ba."