Zinnira Mai Lugude

"Kashe min abin nan! Auta, na ce ka kashe shi!"

Hajiya Marka ce tsaye a tsakar gidanta da ke Gwarzo, da buta a hannu, tana nuna rakodar da ke ƙofar ɗakin autanta Mudassir. Muryar mace ce ke fita daga ciki, tana zubo magana da sauri a kan kiɗa kamar ruwan sama a kan kwano.

Mudassir ya miƙa hannu ya rage murya. "Hajiya, ita ce fa. Ki saurari ko da baiti ɗaya ne."

"Na san ita ce! Wa bai san ta ba? Hotonta na manne a shagon mai kaset na bakin tasha, kowane ɗan acaɓa ya zo wucewa sai ya kalla. Wai Zinnira Gammo! Ka ce min 'yar Malam Sajo ce, na yi murna, na haɗa kayan na-gani-ina-so da hannuna aka kai. Ashe 'yar fim ce mai kiɗan Turawa! A wannan zamanin da ake ta gyara tarbiyya, ni za ka jawo wa abin faɗa a unguwa?"

"Ai 'yar Malam Sajon ce, Hajiya, ban yi ƙarya ba..."

"Ka faɗi rabi ka haɗiye rabi! To ka ji: ranar Asabar da ƙafata zan je Gammo in karɓo kayana."

Ta shige ɗaki tana share ido da gefen mayafi. Mahaifinsa Alhaji Tasi'u, da ke alwala a gefe, ya ce a hankali, "Ni na sa an bincika, ban ji mata aibu ba. Amma ba zan kawo yarinya gidan da uwar miji ba ta amsa gaisuwarta ba. Ka san yadda za ka yi."

A Legas Mudassir ya fara jin muryar Zinnira, shekarun da ya yi can yana gyaran janareto. Wani mai shayi a Agege ne ya kunna kaset ɗin, sai ga Hausar gida tsantsa, har da karin harshen ƙauyukan Kabo. Ranar ya kasa shan shayin. Da ya dawo gida zama wuri ɗaya ya gagare shi, yau Gwarzo gobe Kano, har wata rana aka kira shi gyaran janareto a wani sutudiyo. Yana cikin kwance fulogi ya ji muryar nan a bayansa tana cewa, "Malam, don Allah a hanzarta, baitin zai gudu daga kaina." Ya juyo da baƙin mai a hannu, ya ga Zinnira ce, tun daga ranar zuciyarsa ba ta ƙara juyawa daga gare ta ba.

Ita kuwa Zinnira a Gammo aka haife ta. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, Gwaggo Hajjo, yayar babanta, ta raine ta. Daga wasan kwaikwayon sakandare a Kabo ta tafi Kano gidan kawunta, ta fara fitowa a fim a matsayin ƙawar amarya, mai magana ɗaya ko biyu, har ta kai ana buga hotonta a gaban fasta. Da ta ce za ta yi waƙar rap samarin sutudiyo suka yi ta dariya, wai aikin maza ne. Kaset ɗinta na farko ya rufe musu baki. Yanzu da aka dakatar da harkar fim a Kano, ta tattaro ta dawo gida wurin Gwaggo.

Washegari da hantsi Mudassir ya hau babur ya nufi Gammo. A zaure Zinnira ta same shi, ta ajiye masa kwanon fura, ta zauna daga gefe.

"Na samo mana hanya," ya ce da zumuɗi. "In Hajiya ta zo, ki durƙusa ki ce kin tuba, sharrin Shaiɗan ne, kin ƙona kasusuwan. Shi ke nan fa! Bayan biki sai mu san yadda za mu yi."

Ta dube shi har ya kawar da kai.

"In tuba daga me, Mudassir?"

"Haba Zinnira, magana ce kawai..."

"Kullum ina neman gafarar Allah, don ni 'yar Adam ce. Amma wane baiti ne a waƙata zan ji kunyar faɗa a gaban Baba? Wane fim na fito da kayan da Gwaggo ba ta gani ba? Fim kam na san in na yi aure na daina fitowa, ni na zaɓa, zan koma rubutawa. Waƙa kuwa ba zan bari ba, kuma ba zan kira ta zunubi don a ba ni ɗaki ba. Rabin gaskiyar da ka faɗa ne ya kawo mu nan, yanzu kuma cikakkiyar ƙarya kake so in ɗora?"

"To in ta kwashe kayan fa? Shi ke nan an rabu!"

Hawaye suka zubo mata, amma muryarta ba ta karye ba. "Wallahi ina son ka. In ta kwashe zan yi kuka, ba ƙarami ba. Amma gara ta ƙi ni a yadda nake da ta so wata wadda ba ni ba."

Ya koma Gwarzo, furar ma bai taɓa ba.

Ranar Asabar Hajiya Marka ta ɗauki shatar mota ita kaɗai. Tun daga bakin gari take jin bugu, dum-dum-dum, har cikin ƙirjinta. Washegari za a yi bikin suna a gidan maƙwabcin Malam Sajo, ga injin niƙan garin ya kwana biyu a rufe saboda tsadar gas, don haka matan unguwa suka jera turame a tsakar gidan Gwaggo Hajjo suna daka.

Ta yi sallama fuska a ɗaure. Wata doguwar yarinya da garin gero har gira ta ajiye taɓarya, ta gyara ɗankwali, ta zo ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ni ce Zinnira."

Hajiya ta ɗauke kai kamar ba ta ji ba, ta gaida Gwaggo: an wuni lafiya, ya gida, ya yara, ya aiki, ya aka ji da tsadar nan. Gwaggo Hajjo, tsohuwa mai ido kamar na shaho, ta amsa duka, ta kuma san abin da ya kawo baƙuwar.

"Kayanki na ɗaki a ɗaure, ko allura ba a taɓa ba," ta ce. "Amma ke 'yar Sabon Birni ce, an gaya min. A garinku mace na tarar da mata a kan turmi ta wuce ba ta karɓa musu ba? Ko zuwa Makka ya ɗauke miki?"

Matan suka kwashe da dariya. Hajiya ta ji kunya ta kama ta, don al'ada ce kuma babba ce ta faɗa. Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta karɓi taɓarya. Turmi ɗaya ne ke da gurbi, kuma Zinnira ce a ɗaya gefen.

"Bugu uku zan yi," in ji Hajiya, ba ta dubi kowa ba.

Ta buga, Zinnira ta buga. Ta buga, Zinnira ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke daidai a gurbi. Hajiya ta ɗaga gira. A 'yammatancinta babu mai ja da ita a lugude duk faɗin Sabon Birni. Kafin ta ankara hannunta ya tuna: ta cilla, ta tafa sau biyu, ta doki gefen turmi.

"Ayyururui! Ashe gwana ce!" wata ta rangaɗa guɗa.

Sauran turamen suka bi sahu, bugun ya haɗu ya zama ɗaya. A kan wannan bugun ne Zinnira ta buɗe baki, magana na bin magana da sauri, kowace gaɓa na faɗawa tare da taɓarya:

"Turmi makarantata, taɓarya alƙalamina,
Hannun da ya daka shi ya ci da garina,
Taki ya yi tsada, gero bai ƙi mu ba,
Inji ya kwanta, mu ba mu kwanta ba,
Kai mai babbar riga, tsaya ka tambaya,
Tuwon da ka ci jiya, wa ya sha wuya?"

"Mu ne!" matan suka amsa baki ɗaya.

"Wa ya sha wuya?"

"Mu ne!"

A karo na uku Hajiya Marka ta ji muryarta a cikin masu amsawa. Ta tsaya cak, tana haki. Wannan ai ita ce waƙar da ta sa a kashe a gidanta!

"Ke, wannan ne kiɗan Turawan?"

"Shi ne, Hajiya," in ji Zinnira, kai a ƙasa. "Bugun Innata ne. Gwaggo ta koya min bayan rasuwarta. Turmin nan na ɗauka a mota har sutudiyo, suka yi ta min dariya. Ba zan ce miki na daina ba, don ban daina ba. Amma duk abin da na rera, zan iya rera shi a gabanki."

Hajiya ta leƙa cikin turmin. Sannan ta tofa yawu a tafin hannu, ta gyara riƙo.

"Geron nan bai yi laushi ba. Buga mu gani."

Sai bayan la'asar ta koma Gwarzo, hannu duk ya yi bororo, zani fari fat da gari. Mudassir na zaune a ƙofar ɗaki ya haɗa kai da gwiwa. Alhaji Tasi'u ya leƙa bayanta.

"Hajiya, ina kayan?"

"Mota ta cika."

"Ikon Allah! Ke kaɗai fa kika tafi a cikinta."

"Na ce ta cika, Alhaji!" Ta zauna a kan tabarma tana matsa kafaɗa. "Auta, kunna min abin nan. Ƙaro murya. Ka ji nan? Tana saurin sauke bugu na uku. In ta tare a gidan nan zan gyara mata."

Mudassir ya zube a gabanta yana dariya da hawaye. "Hajiya, ki yafe min rabin maganar da na ɓoye."

"Je ka nemi yafiyar wadda ta fi ka ƙarfin hali."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Zinnira ta ci gaba da waƙa da yardar mijinta, tana rubuta labaran fim daga ɗakinta, kuma a sabon kaset ɗinta masu kunne sun ce akwai taɓarya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyin hannu. In an tambayi Hajiya Marka sai ta ce ita ba ta san zancen ba.

Da Zinnira ta yi tuban ƙarya, da ta shiga gidan da wuri, ta kuma zauna cikinsa da tsoro har abada. Ta yi haƙuri, ta tsaya a kan gaskiyarta ba tare da ta raina babba ba, sai Allah ya ba ta mijin, ya bar mata sana'ar, ya ƙara mata da uwa. Iyaye kuma, kafin ku yanke wa sana'ar yaro hukunci daga bakin tasha, ku matso kusa ku saurara, wataƙila daga tsakar gidanku ya ɗauko ta.