Gubar da Ta Shiga Rijiyar Hillat Yahya

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Abdulmuttalib rahoto a ofishin 'yan sanda na Rufa'a. Wata yarinya, Rayan, ta rasu a Hillat Yahya, ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi, wasu yaran kuma suna kwance a asibiti. Likita ya ce guba ce daga ruwan sha.

Yana isa ya sa aka jawo guga daga rijiyar ƙauyen. Maiƙo na yawo a saman ruwan, ga wari kamar na maganin feshin auduga. Ransa ya ɓaci.

Sakinatu, uwar yarinyar, tana tsaye a gefe. "Janabu, da hannuna na ba ta ruwan nan," ta ce, tana kiransa da laƙabin girmamawa da ake yi wa jami'ai a can.

Can gaba kaɗan akwai sito inda wata masana'antar maganin ƙwari ke ajiye gangunan dagwalonta. Sufeto ya tarar da shi wayam.

"Ina gangunan?" ya tambayi Salih, mai kula da wurin.

"An kwashe su zuwa Khartoum, wallahi."

"A tarakta ake zuwa Khartoum?" Sufeto ya nuna busasshen sawun taya a ƙasa. Sawun bai nufi titi ba, bayan sito ya yi.

Ya bi shi har wata gona da ko ciyawa ta ƙi tsirowa. Salih ya sunkuyar da kai, ya ce gonar Musbahu ce, shugaban kwamitin ƙauyen.

Da Sufeto ya isa gidansa, Musbahu ya karɓe shi da fara'a, ya tsiyayo masa ruwa daga jarka. "Sha ba fargaba, janabu, daga Rufa'a ake kawo mana."

"Tun yaushe?"

"Jiya-jiyan nan, da muka ji abin da ya faru."

Sai matarsa Hanaa ta yi magana daga bayan labule. "Ka ji tsoron Allah, Musbahu. Tun damina ka hana mu taɓa rijiyar nan, ka ƙi faɗin dalili."

Sufeto ya ajiye kofin bai kurɓa ba, ya sa aka haƙa gonar. Ganguna suka bayyana, tsatsa ta huda su, baƙin ruwa na tsiyaya cikin ƙasa.

"Manajan masana'antar ne ya roƙe ni in binne, zai ɗauki ɗana aiki," in ji Musbahu. "Na ɗauka ba zai kai ga kisa ba."

"Amma ka san haɗarinsa har ka tsare naka gidan!" Sufeto ya daka masa tsawa. Ya tura a kamo manajan, ya sa wa Musbahu da Salih ankwa.

Za a sa su a mota ke nan Sakinatu ta sha gabansu.

"Musbahu, kullum da tulu a kaina nake wucewa ta ƙofarka. Kana gani, har sannu kake yi mini."

Sufeto ya tura Musbahu cikin motar, ya rufe ƙofar da ƙarfi.