Gurbin Kawu Modu

Ana dab da magariba Zulaihat ta ɗauki kwamfutarta ta nufi bakin ruwa, don a ƙauyensu na gefen Baturiya nan kaɗai sabis ke kamawa da ƙarfi. Aikin digirinta na biyu za ta tura wa malaminta. Ta bi masunta gida-gida tana tambaya: tsakanin tafki kaza da tafki kaza, a wanne za ka jefa taru? Ta zuba amsoshin a manhajar ƙididdiga, ita kuma manhajar ta auna abin da ke jan mutum ya zaɓi wuri, ko kusanci ne, ko yawan kifi, ko kuwa sabo kawai.

Mutum ɗaya ya ba ta ciwon kai, Kawu Modu, yayan mahaifiyarta. Duk tambayar da Tafkin Kurma ya fito a ciki sai ya tsuke baki.

"Wannan ruwan ba a ce masa i, ba a ce masa a'a," in ji shi. "Bar wurin haka nan, 'yata."

To, manhaja ba ta san kara ba, kuma ba ta son gurbi. Da lissafi ya ƙi tafiya, Zulaihat ta umarce ta ta kintaci abin da mai irin shekarunsa zai zaɓa, ta cike masa. Ta kuwa cike: Tafkin Kurma. Yarinya har da murmushi, wai ta yi maganin taurin kan tsoho.

Ta zauna kan kifaffen kwalekwale, ta danna turawa. Sabis na jan ƙafa.

Sai kwaɗi suka yi tsit. Sauro ma ya ɗauke. Wani wari ya taso, na laka da ruɓaɓɓiyar ciyawar kacalla.

A cikin ruwa wata tsohuwa na tsaye, ruwan iya ƙugunta. Ko gezau ruwan bai yi ba a kewayenta.

"Jikata," ta ce a hankali, "mun zo tafiya da wanda ya zaɓe mu."

"Babu wanda ya zaɓe ku, Iya," in ji Zulaihat.

"Modu ya zaɓe mu, mu na Tafkin Kurma. Tun yana saurayi muke jiran amsarsa."

Ta ji takun ƙafa a bayanta. Kawu Modu ne, ba hula, ba takalmi, idanu a buɗe. Ya wuce ta kamar bai taɓa ganinta ba.

"Kawu," ta kira shi.

Ya shiga ruwa. Iya gwiwa.

Tsoro ya kama ta. Ta lalubo layinsa a manhajar, ta goge amsar. Kafin ta ɗaga yatsa gurbin ya sake cika da kansa.

Ta sake gogewa. Ya dawo.

Ruwa ya kai masa ƙirji.

"Gurbin da aka cike ba ya komawa fanko," tsohuwar ta raɗa. Yanzu numfashinta a kunnen Zulaihat yake, mai sanyi. "In ba shi ba, sa mana wani."

Ruwa ya taɓa gemunsa.

Zulaihat ta miƙe. Duk wahalarta na cikin wannan kwamfutar. Ta ɗaga ta da hannu biyu.

"Kawuna bai ce komai ba. Ga wadda ta zaɓe ku."

Ta yi bismillah ta wurga. Kwamfutar ta nutse ba ƙara, haskenta na ta yin ƙasa, zurfin da wannan gaɓar ba ta da shi.

Kwaɗi suka ɓarke da kuka. Kawu Modu ya yi tari, ya waiga a ruɗe. Ta faɗa ruwa ta jawo shi da rigarsa, suka zube a laka daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya.

Kwana ya yi yana rawar sanyi, bai tuna komai ba. Ita kuwa ta sa a ranta digiri ya tafi, kuma ba ta yi kukansa ba, tunda kawunta na numfashi.

Da hantsi saƙon Dakta Shu'ibu, malaminta, ya shigo wayarta: aikin ya iso lafiya tun jiya da magariba, ba gurbi ko ɗaya, ya yi kyau ƙwarai, har ya raba wa ɗalibansa su gwada lissafin a kwamfutocinsu.

Ta leƙa ɗakin Kawu Modu. Ba ya ciki. Tabarmarsa a jiƙe take sharkaf, takalmansa na bakin ƙofa.