Iƙamar Malam Ɗalhatu

"Wallahi Abba, ba zan sa hannu ba muddin wannan matar tana cikin maganar!"

Ni ce wannan matar.

Ina zaune a bakin kujera a falon Munzali da ke Madinat Khalifa, jakata a kan cinyata, lemon da matarsa ta ajiye min ko taɓa shi ban yi ba. Mahaifinsa, Malam Ɗalhatu, yana gefena riƙe da takardun da muka zo da su.

"Munzali," ya ce a hankali, "sunanta Saudatu."

"Na san sunanta! Na kuma san tun Ummana tana kwance tana jinya kuke tare!"

Na ɗago na dube shi.

"Innalillahi... wa ya gaya maka wannan maganar?" na tambaye shi.

Ko kallona bai yi ba.

"Abba, zaɓi naka ne. Ka rabu da ita, gobe da safe in kai takardunka. Ko kuma ka koma Malumfashi, Anti Ayishatu tana nan tana jiranka. Khalas, magana ta ƙare."

Malam ya ninke takardun gida biyu, ya zura a aljihun jallabiyarsa.

"Tashi mu tafi, Sauda."

Shekara ashirin da takwas Malam ya yi a Doha yana tuƙi. Motar ma'aikatan asibitin da nake aikin nas a Al-Sadd ita ce ta ƙarshe da ya riƙe, a nan muka san juna. Ni bazawara ce mai shekara arba'in da huɗu, aurena na fari ya mutu saboda rashin haihuwa, na baro Zariya da niyyar ba ni ba namiji har abada. Shi kuma matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. Kullum da safe in na shigo mota sai in tarar ya rage sanyin na'ura ta wajen kujerata, don ya taɓa jin na yi tari sau ɗaya. Da haka aka fara.

Da ya cika sittin da biyu, kamfanin suka ce ya huta. Ƙarshen wata za su soke masa iƙama, wato katin zaman ƙasa, tunda su ne kafil ɗinsa, masu tsaya masa a wajen hukuma. Wani ya tura masa saƙo a waya cewa akwai bizar ritaya da ake ba tsofaffi, ya kuwa ɗauki maganar da zafi. Mako biyu yana hawa bas daga wannan ofis zuwa wancan, cikin ranar da ko takalmi narke shi take yi. Duk inda ya je amsa ɗaya ce: ko dai ya mallaki gida a ƙasar, ko wani nasa na jini ya tsaya masa. Gida kam direba bai isa ba. Saura Munzali, ɗansa tilo, injiniya, wanda ya karantar da wannan sitiyarin.

Shi kuma Munzalin, amsar da ya ba mu ke nan.

Muna fitowa daga gidansa muka tsaya wani ɗan shago ya saya mana shayin karak. La'asar ta yi, amma iska kamar daga bakin murhu take fitowa.

"Malam, ka aure ni," na ce. "Ni zan zama kafil ɗinka. Na tambayi mandub ɗin asibitinmu, mai bin takardun ma'aikata, ya ce zai yiwu."

Ya ajiye kofin.

"A'a."

"A'a kamar yaya? Ba ka sona ne?"

"Sauda tawa... kin fi kowa sani. Amma so kike a ce tsoho ya ga za a kore shi, ya laɓe a bayan zanin mace? Na so in zo miki da katina a aljihu, kaina a sama."

"To kai ɗin da ke sama, a wace ƙasa zan riƙa ganinsa?"

Ya juya yana kallon motoci.

Kwana uku bayan nan Yaya Gado ya kira ni daga Zariya. Shi ne babban wana, shi ne waliyyina tun rasuwar Baba. Ko gaisuwa bai bari na ƙarasa ba.

"Saudatu, ashe abin da kike yi a can ke nan? Wata Hajiya Ayishatu ta yi takakkiya tun daga Malumfashi har gidan nan. Ƙanwar matar Ɗalhatun naki ce mai rasuwa. Ta ce mutumin nan takarda yake nema, ba ke ba. Yana samu zai watsar da ke."

"Yaya, ita ce take son ya koma ya aure ta! Ita ta zuga ɗansa!"

"Ni dai ban yarda ba. Kin sha wuya sau ɗaya, ba zan miƙa ki a karo na biyu ba."

Ya kashe.

Na shiga ɗakin ajiye magunguna na rufe ƙofa, na yi kuka har sai da wata abokiyar aikina ta ƙwanƙwasa.

Wata ya ƙare. Aka soke iƙamar. Aka ba shi 'yan kwanaki ya haɗa kayansa.

Ya daina ɗaga wayata.

Ranar Juma'a da hantsi na hau tasi zuwa Najma, inda yake zaune da wasu 'yan Arewa masu gadi. Ban taɓa taka gidan ba sai ranar. Wani daga cikinsu ya yi min sallama da shi, na tsaya a bakin matattakala. Ta ƙofar da ke buɗe na hango kwalaye uku an naɗe su da salatif, an rubuta MALUMFASHI da jan biro.

Ya fito. Ya rame, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Tafiya za ka yi ba sallama?"

"Da na kira ki daga filin jirgi."

"Daga filin jirgi!" Muryata ta fashe. "Malam, ni ban yi maka komai ba. Ɗanka ya zage ni, na haɗiye. Yayana ya yi min faɗa, na haɗiye. Yanzu kai ma sai ka hukunta ni don kar mutane su yi magana? Mutanen nan wa zai dafa maka abinci a cikinsu in ka kwanta ciwo?"

"Sauda, ki yi a hankali, ana jin ki..."

"A ji! Shekarata arba'in da huɗu, ba a taɓa sona tsakani da Allah ba sai kai. Shi ne za ka naɗe ni da salatif ka bar ni a nan?"

Ya daɗe yana kallona. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"Ba ni lambar Yayanki."

A nan bakin matattakalar ya kira shi, ya buɗe murya don in ji.

"Alhaji, Ɗalhatu ne. An gaya maka takarda nake nema, kuma gaskiya ne ina nemanta. Amma ga sharaɗi daga bakina: ku ɗaura min aure da Saudatu, in ka ce kar ta nema min komai, wallahi ba za ta nema ba. Zan tafi gida in jira ta ko shekara nawa ne. Matar nake so."

Na matso kusa da wayar, na kasa kunne.

"Turo wakilinka ranar Asabar," in ji Yaya Gado. "Takardar kuma ta nema maka. Allah Ya sa alheri."

Aka ɗaura a Zariya, mu muna nan Doha muna saurare ta waya. Da aka shafa fatiha ya dube ni ya ce, "Amarya," sai muka fashe da dariya kamar yara, ni ina yi ina share hawaye.

Ya dawo ɗan ɗakina na Al-Sadd da kwalayensa uku. Ban taɓa sanin gida yana iya yin daɗi haka ba. In na dawo aiki sai in tarar ya dafa shinkafa ta caɓe, yana tsaye yana kare ta da hujjoji. Shi yake goge min farin takalmin aiki. In na hana shi sai ya ce, "Ɗan ritaya ne ni, ranki ya daɗe, ba ni da ogan da ya wuce ke."

Mandub ya karɓi takardunmu, ya samo masa ƙarin kwanaki. Amma ya ce tunda an riga an soke tsohuwar iƙamar, sabon fayil za a buɗe, kuma sai an sake gwajin lafiya: jini da hoton ƙirji.

"Wannan ai ba komai," in ji Malam. "Ni ko ciwon kai ba na yi."

Ranar Talata ina tsaka da auna wata mata, mandub ya leƙo ya yafito ni. Fuskarsa kawai na gani na san ba lafiya ba.

"Sister, sakamako ya fito. An ga tabo a huhunsa."

Ni nas ce, na san abin da hakan yake nufi. Tsohon tabon tarin fuka ne, wanda ya yi wani zuwa gida da ya yi shekarun baya, ya sha magani ya warke har ya manta. Aka sake gwaji, aka tabbatar ba ya ɗauke da cutar. Amma tabon yana nan, kuma an rufe fayil ɗin.

"Babu wata hanya?" na tambaya. "Ko roƙo? Ko wasiƙa?"

Ya girgiza kai. "Da tun kafin a soke ta farko wani ya karɓe shi, wataƙila da ba a kai ga hoto ba. Yanzu kam... sai haƙuri."

Da na gaya wa Malam, sai ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Ya tashi ya shiga banɗaki ya kunna famfo. Ya daɗe ruwan yana zuba.

Kwana ashirin da shida muka yi a matsayin mata da miji a ɗaki ɗaya.

Ana gobe zai tafi, bayan azahar, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Munzali ne. Mahaifinsa ya tura masa hoton takardun aurenmu don ya sani, a ciki har da shafin fasfona mai ɗauke da ranar da na fara shigowa Qatar.

"Shekara guda bayan rasuwar Umma kika zo ƙasar nan," ya ce da ni. "Anti Ayishatu ta rantse min... Abba, na je ofishin iƙama jiya, na ce ni zan tsaya maka, na kai komai. Sun ce an rufe."

Ya durƙusa a kan tayil, babban mutum da gemunsa, ya kama ƙafar mahaifinsa yana kuka.

"Ni na kore ka, Abba! Ni ne!"

Malam ya dafa kansa. "Tashi. Na yafe maka. Amma ba ni kaɗai ka yi wa ba."

Ya juyo gare ni a durƙushe. Na so in ce wani abu mai zafi, wallahi na so. Na duba fuskarsa sai na ga hancin Malam da goshin Malam.

"Allah Ya yafe mana baki ɗaya," na ce.

Washegari da safe muka raka shi filin jirgi. A ranar na ajiye takardar barin aiki, amma ƙa'idar kwantiragina sai na yi wata biyu kafin su sake ni.

"Wata biyu kamar gobe ne," ya ce yana gyara min mayafi a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. "Kar ki yi kuka, masoyiyata. Zan je in gyara miki wuri."

Kullum muna waya, safe da yamma. Ya ce garin ya sauya masa, abokansa rabi sun mutu, yara suna ce masa Balarabe. Ya ce Hajiya Ayishatu ta aiko da abinci ya mayar da shi da godiya. Wani lokaci in ji numfashinsa yana sama-sama, in tambaya, ya ce aiki ya ɗan yi.

"Wane aiki kuma, Malam?"

"Sirri ne. Sai kin zo."

Saura kwana tara in tashi, ranar Lahadi da misalin ƙarfe goma, aka ce ina da baƙo a wajen karɓar marasa lafiya. Na fito da safar hannu a hannuna.

Munzali ne tsaye, da kayan aikinsa, ba hula.

Ina ganin idanunsa na gane. Ba sai ya ce ba.

Zuciyar Malam ce ta tsaya, bayan ya dawo daga sallar asuba. Kafin jirginmu ya sauka Kano an riga an kai shi.

Mun isa Malumfashi washegari da rana. Mata cike da tsakar gida, wasu na yi min kallon wace ce wannan. Hajiya Ayishatu tana cikinsu, ta sunkuyar da kai, na wuce ta. Wata tsohuwa, yayar Malam, ta kama hannuna.

"Ke ce Saudatu? Zo ki ga ɗakinki. Ya hana kowa taɓawa, ya ce shi zai yi da hannunsa."

Ta tura ƙofar.

Warin sabon fenti ya buge ni. Bango uku sun sha shuɗi mai haske, sumul, ba ko ɗigo a ƙasa. Na huɗun an kai rabi aka tsaya. Ga bokitin a rufe, ga burushin a cikin gwangwanin ruwa, ga kujerar da yake takawa.

"Za a sa yara su ƙarasa kafin ki shiga," in ji tsohuwar.

"A'a, Yaya," na ce. "A bar shi haka."

Na cire takalmina na shiga. A ɗakin na yi takabata.