Sunaye Sittin a Bakin Leah

Leah na tankaɗen dawa a tsakar gida lokacin da yayanta Ezekiel ya so ya kashe mata aure da baki. Shi dai wata babbar jami'a ya gama a Kudu, tun da ya dawo Zuru kuwa ya ishi kowa da sunanta. Ya ce wa mahaifinsu, Baba Yari, tsohon soja, wai digirin Kefas saurayinta ba digiri ba ne, ƙaramar jami'a ce da ko direbobin tasha ba su san hanyarta ba.

Abin da ya fi ƙona ran Leah shi ne, saboda ita Kefas ya zaɓi makarantar kusa. Damina huɗu yana dawowa golmo, noman da saurayi ke yi wa surukinsa, ya yi huɗa da safe, ya buɗe littafi a gindin ɗorawa da yamma. Duk da haka shi ya zo na ɗaya a ajinsu.

Baba Yari bai san kan boko ba, abin da ɗansa ya faɗa shi ke nan. Ya yanke hukunci: tunda Ezekiel da Kefas duk sun cika fom ɗin mastas a jami'a ɗaya, in ba a ɗauki Kefas ba, maganar aure ta mutu.

Leah ta sha kuka har ta gaji, sannan ta goge ido ta rantse sai ta rama. Wata biyar ba ta ce wa yayanta uffan ba, tuwo ma dangwarar masa take yi ta juya. Kefas ya yi ta ba ta haƙuri, ta ce shi ya yi, ita kam ba ta iya ba.

Da sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito a jarida, ta ɓoye ta sai Lahadi, bayan an taso coci, dangi sun cika gida. Ta miƙe ta fara karantawa. Kefas ne na biyu. Ba ta tsaya ba — ta bi sunaye sittin ɗin ɗaya bayan ɗaya, tana ɗago kai ta dubi Ezekiel bayan kowanne, har ta kai ƙarshe.

"Yaya, ko na tsallake naka ne? In sake daga farko?"

Baba Yari ya sa aka kawo takardun sakamakon su biyun, ƙanwarsa Theresa, malamar makaranta, ta yi masa bayani. Ashe da ƙyar Ezekiel ya tsallake. Tsohon ya juya wajen ɗansa.

"Wato sunan makarantar ka kawo mini, karatun ka baro musu can."

A zaman nan ya sa ranar aure.

To, ɗan'uwa, ka shiga makarantar da Allah ya ba ka, ka yi karatun da gaske, don masu ɗaukar ɗalibai makinka za su fara dubawa. Haƙurin Kefas ya biya shi. Leah kuwa, har yau in aka ce ta yi wa yayanta tsanani, sai ta ce ai sau ɗaya kacal ta karanta.