Tabon Damtsen Ummuhani

Ranar kasuwar Djougou ce, shekara bakwai bayan Dahome ta sami 'yancin kai. Ummuhani tana tsaron rumfar goron mahaifinta, Alhaji Ishaƙu, sai wani saurayi ya tsaya ya ce a ba shi farin goro guda biyar. Ta miƙa masa. Bai karɓa ba, bai kuma dubi fuskarta ba. Damtsenta ya zuba wa ido.

"Malam, goron yana hannu, ba a damtse ba," ta ce, ta ja mayafi.

"Yi haƙuri. Wannan tabon yana miki ƙaiƙayi?"

"Ƙyasfi ne."

"Ƙyasfi ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan watsu a ƙirji da baya, in an sosa ya yi gari. Naki ɗaya ne, gefensa kuma ya ɗan tasa."

Sunansa Abdulgani, ɗan unguwar Banikanni ta Parakou, yana karatun likita a Dakar, hutu ya kawo shi wurin kawunsa. Daga baya ta san wannan. A ranar dai ta ce ba ta taɓa ganin marar kunya irinsa ba, amma muryarsa ta bi ta har gida.

Bayan kwana uku ya yi sallama a gidansu da la'asar, da ƙullin auduga a aljihu. Goggo Tani, ƙanwar Alhaji, ita ta tare shi a zaure.

"Yaro, in zance ka zo, an riga ka. Badamasi mai yadi zai turo manyansa bayan Salla."

"Gwaji na zo yi, Goggo. Ni ba zan taɓa ta ba, ke za ki riƙe audugar."

Aka ɗaure wa Ummuhani ido da ɗankwali. Ya ce duk sanda ta ji an taɓa ta, ta faɗa. Goggo ta shafi kumatunta, ta ce ta ji. Aka koma kan tabon. Yana cewa "Yanzu fa?" tana cewa "Na ji." Sau biyar.

Abdulgani ya karɓi audugar daga hannun Goggo.

"Ummuhani," ya ce a hankali, "sau ukun ƙarshe Goggo ba ta taɓa ki ba."

Ɗankwalin ya jiƙe da hawaye kafin ta kwance shi. Ta ce tun watan jiya ta sani, ranar da tartsatsin murhu ya faɗa wurin, ba ta ji ba sai da ta ga bororo.

"Kuturta ce, farkonta," in ji shi. "Yanzu tana da magani. In an fara da wuri, ko farce ba za ki rasa ba."

Alhaji ya ce kada yaron nan ya sake taka masa ƙofa, ya sanya wa 'yarsa suna a gari. Badamasi kuwa ya janye. Ya daina zuwa, in ya hango rumfar goro sai ya bi ta layin masu gishiri.

Goggo Tani ce ta saka ta a mota zuwa Parakou, suka sauka gidan wata ƙawar Goggo a unguwar Ladjifarani. A asibiti aka ɗan tsaga fatar kunnenta aka duba, aka latsa jijiyar gwiwar hannunta, aka ɗora ta kan ƙwaya. Aka ce shekaru za ta yi tana sha, kada ta yi fashi.

Wata biyu bayan haka wasiƙa ta zo daga Dakar.

"Zuwa ga Ummuhani. Ina fata kina shan magani. Ki riƙa duba wurin kowace safiya, kada ki kusanta shi da wuta. Yaya launinsa yanzu? Abdulgani."

Aji uku kawai ta yi a lakwal, makarantar boko, don haka kwana biyu ta ɗauka tana amsa.

"Malam, tabo yana gaishe ka, ya fara duhu. Mai tabon ba ka tambaye ta ba. In don karatunka kake rubutowa, ka rubuta wa asibiti."

Amsarsa ba ta daɗe ba.

"Hanina, na yi laifi. Tabon na fara gani, gaskiya ne. Amma tun da kika ce goro yana hannu ban sake karatu da natsuwa ba. Ban iya zance ba, tambayar marasa lafiya kawai aka koya mini. Ki koya mini sauran."

Ta karanta har takardar ta yage a wurin ninki.

Shekara biyu suna haka. Tabon ya dushe, sai inuwarsa. Da ya dawo ya faɗa wa mahaifiyarsa, Inna Rahmatu, yana son auren Ummuhani, ta ce ita ba ta haifi likita don ya kwaso mata cuta gida ba. Ya yi bayani da Hausa, ya yi da Faransanci, ta ce ya tashi ya ba ta wuri.

Wata safiya sai ga Inna a Ladjifarani, inda Ummuhani take zaune har lokacin, ba sanarwa. Ummuhani ta durƙusa ta gaishe ta.

"Miƙo hannuwan."

Ta juya su ciki da baya, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ciro allura da zare daga bakin zanenta.

"Zura mini."

Ummuhani ta karɓa. Ta kuskure sau ɗaya, ta ja numfashi, ta zura.

"Ni shekara biyar ke nan ban iya ba," in ji Inna. "An ce kin yi masa ƙarya ranar gwaji."

"Na yi, Inna. Tsoro nake kada a ƙi ni."

"Yanzu fa?"

"Har yanzu ina tsoro. Amma ina shan magani, kuma da saura shekara guda. Ban ɓoye miki ba."

Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta tashi ta tafi. Ranar Juma'a manyan Abdulgani suka hau motar Djougou.

Alhaji ya sa aka kira masa saurayin. "Ba na ba da 'yata don tausayi."

"Baba, ni ya kamata a tausaya wa. Shekara biyu ina jiran ta ce e."

Goggo Tani ta yi dariya daga bayan ƙofa, Alhaji ya yi gyaran murya ya sa rana.

Da aka kawo amarya Banikanni, aka ajiye mata kwanon tuwo. Matan unguwa suka zauna nesa nesa, kowacce ta ce ta ƙoshi. Ummuhani ta ɗan taɓa tuwon, ta sunkuyar da kai cikin mayafi.

Ba a saba uwar miji ta ci kwano ɗaya da amarya ba. Inna Rahmatu ta wanke hannu, ta zauna a tabarmar, ta yanko loma daga gefen da Ummuhani ta taɓa.

"Ci, 'yata, kin sha hanya. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka."

Aka amsa da amin. Wata tsohuwa ta matso, ta ce a miƙo mata ruwan wanke hannu.